Amsa ga mai tambaya kan layin ƙarfe da mariƙin sandar fatsa a jirgin kamun kifi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce ka sayi jirgin alminiyam mai tsawon ƙafa 16, kana jan fatsa a bayan jirgi yana tafiya, wani lokaci kuma kana jefa anga ka zauna wuri ɗaya, kuma jefi-jefi kana shiga ruwan gishiri. Ka tambaya ko ya fi kyau ka kafa mariƙin sanda kai tsaye a leɓen jirgi, wato saman bangon gefensa, ko ka fara shimfiɗa layin ƙarfen nan mai tsaga da ake zura kaya a cikinsa, sannan wane irin mariƙi za ka saya, na roba ko na ƙarfe. Na daɗe ina fama da wannan al'amari a jirage biyu, ɗaya na alminiyam ɗaya na faiba, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

A ganina layi ya fi maka, domin mutumin da ke kamun kifi iri biyu ba zai wadatu da mariƙin da aka kafe wuri ɗaya ba. Amma kafin mu kai ga suna ko samfuri, ina so ka mayar da hankali kan abin da ke ƙarƙashin layin, don a nan ne akasarin mutane suke yin asara. A jirgina na farko na ɗaura layi mai kyau da mariƙi mai kyau, sai dai na kama su da sukuru masu cin jikin ƙarfe da kansu, guda huɗu, a kan leɓen alminiyam maras kauri. Kusan shekara guda ban ga wata matsala ba. Wata safiya muna tafiya a hankali, ƙugiya ta maƙale a wani kututture da ke ƙarƙashin ruwa, na ji ƙara kamar an ɓalle murfin gwangwani, ina juyowa na ga layin ya ɗaga daga gefe ɗaya, sukuru biyu sun fice da ɓarɓashin alminiyam a jikinsu, sanda da kwarkwaronta, wato abin da ake naɗe zaren fatsa a jikinsa, kuwa sun riga sun nutse. Mariƙin bai karye ba, layin ma bai lanƙwashe ba. Ramukan sukurun ne suka buɗe, kuma da na duba da kyau sai na ga sun daɗe suna buɗewa kaɗan-kaɗan saboda girgizar inji da dukan igiyar ruwa.

Dalilin hakan lissafi ne mai sauƙi. Sandar fatsa doguwa ce, gindin da ke riƙe da ita kuwa gajere ne, saboda haka tana aiki kamar ƙarfen ɓanɓare ƙusa. Ka ɗauka kifi yana jan zare da nauyin kilo 4, kuma daga bakin sanda zuwa mariƙi akwai mita 2 bayan sandar ta lanƙwasa. Idan faɗin layin da ke jure wannan murɗa bai wuce santimita 7 da rabi ba, ƙarfin da ke neman tumɓuke ƙusoshin gefe ɗaya ya haura kilo 100. Wannan kuwa a jan da yake tafiya daidai ne, ba a fizgar farko ba, wadda ta fi shi tsanani. Wanda ya fahimci wannan ba zai sake amincewa da sukuru a siririn ƙarfe ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne huda leɓen jirgi har ƙasa, in zura ƙusa mai noti, in sa faranti na alminiyam mai kauri a ƙarƙashi wanda ya fi layin faɗi kaɗan, sannan in ɗaure da noti mai zoben roba a ciki, irin wanda girgiza ba ta kwance shi. Farantin yana raba nauyin a kan wuri mai faɗi maimakon ya taru a bakin rami. Idan babu sararin faranti, manyan wosha masu faɗi sun fi babu. Kafin ka sayi komai, ka zura hannunka ƙarƙashin leɓen jirginka ka ji ko yatsunka za su kai wurin da notin zai zauna, ka kuma laluba ko akwai wayar lantarki ko bututun mai da aka bi da su ta nan, domin masu ƙera jirage suna yawan ɓoye su a wannan wuri. Inda hannu ba ya kaiwa, wasu suna amfani da ribit, wato ƙusar da ake matsewa ta kama ba tare da noti ba, ko noti mai buɗewa a cikin rami, kuma suna riƙe ƙananan kaya lafiya, amma ni ba na ɗora musu aikin jan fatsa mai nauyi. Gara in yanke ƙaramar ƙofa ta dubawa in sa mata murfi, in samu in ɗaure notin da sifana yadda ya kamata.

Ga masu jirgin faiba da ke karanta wannan, akwai ƙari biyu. Bayan huda rami a ɗan faɗaɗa bakinsa, domin kada fentin saman ya tsattsage idan an ɗaure ƙusa. Idan kuma akwai katako ko soso a tsakanin faiban sama da na ƙasa, a huda ramin ya fi ƙusar girma, a cika shi da gam ɗin efoksi, idan ya bushe a sake hudawa daidai girman ƙusar, ta yadda ruwa ba zai taɓa kaiwa ga katakon ba.

Game da layin kansa, iri biyu za ka tarar. Akwai siriri mai tsaga ɗaya a tsakiya, wanda ƙusa mai kai kamar harafin T take shiga ta juya ta kama. Shi ne ya yi yawa a ƙananan kwale-kwalen roba, kuma kamfanoni irin su YakAttack, RAM da Scotty suna yin sa, wani na alminiyam wani na roba. Yana da kyau ga mariƙin sanda mara nauyi, allon na'urar gano kifi, ko kyamara. Akwai kuma mai faɗi, kimanin inci 3, wanda gindin mariƙi yake zurawa ta bakinsa a ɗaure shi da ƙusar hannu, irin na Traxstech, Cannon da Bert's. Wannan shi aka yi domin jan fatsa da kuma ɗaukar na'urar nan mai saukar da dalma cikin zurfi, wadda dalmarta kaɗai kan kai kilo 4 zuwa 7. Tun da ka ce kana jan fatsa, mai faɗin nake ba ka shawara a ɓangaren baya na jirgi. Layin roba kuwa ka bar shi ga ƙananan kaya.

Sau da yawa kayan wani kamfani suna shiga layin wani idan iri ɗaya ne, amma kada ka ɗauki hakan a matsayin tabbas. Ka auna, ko ka gwada gindin a cikin layin kafin ka biya. Ka kuma duba jirginka tukuna, domin wasu jiragen alminiyam suna zuwa da tsagarsu a jikin leɓe tun daga masana'anta, kamar Versatrack a jiragen Tracker da SportTrak a jiragen Lund. Idan naka yana da irin wannan, akwai maƙalai da ke kama tsagar ba tare da ka huda ko rami ɗaya ba.

Batun tsawo da wurin kafawa shi ne wanda na fi so ka yi haƙuri a kansa. Ana sayar da layi a tsawo daban-daban, daga inci 6 har zuwa inci 48 da sama, kuma kusan duk wanda na sani da ya sayi gajere ya dawo yana neman dogo. Inci 12 yana ɗaukar mariƙi biyu a matse, kwarkwaron wannan sanda yana gogar na waccan. Inci 24 yana ba ka damar raba su sosai, ko ka ƙara na uku. Ni dai na tsaya a kan inci 24 zuwa 36 a kowane gefe ga jirgi mai girman naka. Amma kada ka huda komai a ranar da kayan suka iso. Ka ɗauki tef ɗin takarda ka manna a leɓen jirgi daidai tsawon layin da kake tunani, ka fita kamun kifi sau biyu ko uku, kana lura. Ka zauna a kujerar tuƙi ka miƙa hannu ka ga ko za ka kai wurin ba tare da ka saki sitiyari ko hannun inji ba. Ka ga ta ina kake jawo kifi da koma, ta ina mutane suke taka ƙafa idan za su shiga ko su fita, ina igiyar ɗaure jirgi take bi, da kuma ko murfin jirgin zai rufu idan akwai abu a wurin. A jirgina na biyu tef ɗin ne ya nuna mini cewa wurin da na zaɓa da farko shi ne daidai inda gwiwar hannuna take sauka duk lokacin da na juya in duba baya. Na matsar da shi gaba da kimanin taki ɗaya, kuma har yau ban sake taɓa shi ba. Ka tuna kuma gindin sanda yana leƙowa cikin jirgi a wasu mariƙan, kuma idan ya tare hanyar wucewa za a riƙa tuntuɓe da shi dukan yini.

Mariƙi kuwa, wanda ya fi dacewa da jan fatsa shi ne mai siffar bututu na alminiyam ko na ƙarfe mara tsatsa, musamman mai haƙora a gindi wanda kake iya ɗaga shi tsaye da hannu ɗaya idan kifi ya kama. Amfanin wannan ba ya bayyana sai ranar da babban kifi yake jan zare, sandar ta matse a cikin bututu, kai kuma kana leƙawa waje da rabin jikinka kana ƙoƙarin zare ta. Idan bututun yana tasowa gare ka, sandar tana fitowa kana tsaye daram a cikin jirgi. Ɗaya nau'in shi ne mai buɗaɗɗen baki kamar shimfiɗar hannu, wanda sanda take kwanciya a ciki, da zobe ko madauri mai kulle ta. Yawancinsu na roba ne mai ƙarfi da aka cakuɗa da zaren gilashi, kuma ba na raina su ko kaɗan: ga zaman anga da matsakaicin kifi sun isa, ba sa tsatsa, ba sa kuma goge hannun sanda. Rauninsu yana wurin haƙoran da ke saita kusurwa, waɗanda suke cinyewa da daɗewa, da kuma rana, wadda take busar da roba mara inganci har ta yi fari ta fara tsagewa.

Ka tafi da sandarka da kwarkwaronta a jiki lokacin zaɓe. Kwarkwaron da ke rataye a ƙarƙashin sanda da wanda ke zaune a samanta ba sa zama iri ɗaya a mariƙi, kuma sanda mai dogon hannu ko mai kaurin gindi ba ta shiga kowane bututu. Ka sa ta, ka ja bakinta da hannu kamar kifi ne, sannan ka gwada cire ta tana cikin wannan jan. Idan sai ka yi kokawa da hannu biyu, ka ajiye wannan mariƙin. Irin mariƙin da ake nutsarwa cikin leɓen jirgi, mai kusurwar digiri 0, 15 ko 30, ya fi kowanne ƙarfi da tsabtar gani, sai dai yana buƙatar babban rami kuma ba ya matsawa, ga shi leɓen yawancin jiragen alminiyam masu ƙafa 16 bai cika samun faɗin da zai ɗauke shi ba.

Tun da kana taɓa ruwan gishiri, ka nemi ƙusoshi da notuna na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, ba 304 ba. Na 316 yana da sinadarin molibdinam kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda yake taimaka masa jure gishiri. Sai dai akwai wata matsala da mutane ba su cika sani ba: idan ƙarfe mara tsatsa ya haɗu da alminiyam, ruwan gishiri ya jiƙa su, alminiyam ɗin ne yake cinyewa. Za ka ga farin gari kamar alli yana taruwa a kewayen kan ƙusa, fenti yana kumbura, bayan wani lokaci ƙusar ta kafe ba ta kwantuwa. Maganinsa shi ne a raba ƙarafan biyu, a shafa wa zaren ƙusa man da aka yi domin haka, irin su Tef-Gel ko Duralac, a kuma sa wosha na roba a ƙarƙashin kan ƙusa. Ka ɗaure notin a hankali da hannu, domin ƙarfe mara tsatsa yana kamewa da ɗan'uwansa idan aka murɗa shi da sauri da inji ba tare da mai ba. Layin kuma ya kasance alminiyam mai rufin kariya daga masana'anta, kuma duk ranar da ka dawo daga ruwan gishiri ka zare mariƙan ka wanke cikin layin da ruwan daɗi, don yashi da gishiri a nan suke kwana.

A ƙarƙashin layi da bakin kowane rami ka sa gam mai hana ruwa shiga, amma ka zaɓi wanda ake iya ɓanɓarewa. A gam na kamfanin 3M, mai lamba 4200 yana barin ka cire abu daga baya, mai lamba 5200 kuwa kamun dindindin yake yi, kuma wanda ya sa shi a ƙarƙashin layi zai sha wahala ranar da ya so canzawa.

Da jirginka nawa ne, zan shimfiɗa layi mai faɗin inci 3 da tsawon inci 24 ko 36 a kowane gefe ta baya, da ƙusa mai noti a kowane ramin da aka huda wa layin ba tare da tsallake ko ɗaya ba, da faranti a ƙasa. Zan fara da mariƙin bututu biyu kawai, in ƙara na roba biyu masu buɗaɗɗen baki domin zaman anga, sauran kuma sai bayan na yi wata biyu ko uku ina fita na ga abin da ya rage. Ka sa marufi a bakin layin biyu domin kada gindin da ya kwance ya zame ya faɗa ruwa. Ka saita birkin kwarkwaro ya riƙa sakin zare a kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, domin idan ƙugiya ta maƙale zare ya tafi maimakon nauyin ya sauka a kan ƙusoshi, ka kuma ɗaura wa kowace sanda mai daraja igiyar tsaro. Bayan fita uku na farko ka koma da sifana ka bi notunan ɗaya bayan ɗaya, domin gam yana zama, ƙarfe yana kwantawa, kuma kusan kullum za ka tarar ɗaya ko biyu suna karɓar ƙarin rabin murɗa.