An hana su shiga zauren gwarazan besbol saboda ƙwayar ƙara ƙarfi: zalunci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx ta Amurka, ɗana mai shekara 16 yana buga besbol a makarantarsu. Kullum muna musu kan Barry Bonds da Roger Clemens, waɗanda aka ƙi zaɓa zuwa zauren gwarazan wasan da ke Cooperstown don ana danganta su da ƙwayoyin ƙara ƙarfi. Shi ya ce an zalunce su, ni kuma na ce 'yan algus ne kawai. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya maka yaron. Haramcin algus ba abin ja ba ne, haka ma shan abin da ke illata hanta da zuciya ba da izinin likita ba. Inda na tsaya shi ne maganarka ta "ana danganta su", domin a nan hukuncin yake sauyawa.

Wani ɗan wasan, Mark McGwire, ya amsa da bakinsa a 2010 cewa ya yi amfani da ƙwayoyin. Alex Rodriguez ya amsa a 2009, daga baya aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya. Waɗannan an gama da su: wanda ya tuba Allah Ya karɓa, amma tuba ba ta wajabta wa mutane su ba shi kambu. Clemens kuwa sunansa ya fito a rahoton Mitchell na 2007, wato rahoton binciken shan ƙwayoyi a wasan besbol, ya musanta, kotu kuma ta wanke shi a 2012 daga tuhumar yi wa majalisar dokoki ƙarya. Bonds an same shi da laifin kawo cikas ga shari'a a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2015.

To a kan irin waɗannan biyun hukunci biyu ne. Marubucin wasanni da ke da ƙuri'a a zaɓen shiga zauren, idan alamu suka yi masa ƙarfi, ya halatta ya riƙe ƙuri'arsa, tunda ƙa'idar zaɓen ta ce a duba gaskiya da halin ɗan wasa, kuma ƙuri'a shaida ce, ba a tilasta wa mutum shaidar da zuciyarsa ba ta natsu da ita ba. Malaman hadisi sukan bar ruwayar wanda aka tuhuma ba tare da sun yanke cewa maƙaryaci ne ba. Ana buƙatar kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un kafin a shiga zauren, Bonds ya tsaya a 66 a zaɓensa na ƙarshe a gaban marubuta a 2022. Ba haddi aka yi masa ba, ba a ƙwace masa dukiya ba. Amma kai, malam, ba ka da ƙuri'a. Ka ce an zarge su, kada ka yanke. Kasancewar mutum ba Musulmi ba bai halatta a yi masa ƙazafi ba.

Hujjar da ɗanka zai kawo na san ta, kuma akwai masu ilimi da ke karkata gare ta: wai a lokacin kowa yana sha, ba a fara gwaji mai hukunci ba sai 2004, saboda haka abin ya zama ruwan dare da ake yi wa rangwame. Wannan ba daidai ba ne. Rangwamen da malaman fiƙihu ke yi a kan abin da ya game jama'a yana kan abin da ba a iya kauce masa ne, kamar taɓon hanya da damina. Wa ya matsa wa ɗan wasa allura? Sannan dokar Amurka ta sa waɗannan ƙwayoyi cikin abubuwan da aka ƙayyade tun 1990, shugaban hukumar wasan Fay Vincent kuma ya aika wa ƙungiyoyi takardar hani a 1991. Hanin yana nan, mai tsaro ne babu. Kuma "kowa" ɗin nan ƙarya ce: akwai waɗanda suka ƙi sha, aka sallame su, wasu suka maye gurbinsu, haƙƙinsu na wuyan wani. Masu cewa Bonds ya riga ya zama gwarzon shekara sau 3 kafin zamanin zargin, gaskiya ne, sai dai wannan ya nuna ba larura ta kai shi ba, in har ya yi.

Abu ɗaya zan ba yaron gaskiya a kai: an zaɓi ɗan wasa David Ortiz zuwa zauren a 2022 ɗin, alhali an ruwaito sunansa cikin waɗanda gwajin ƙwaya na 2003, wanda ba na hukunci ba ne, ya nuna. Mudu biyu a kasuwa ɗaya abin zargi ne ga masu awo.

Ni abin da ya fi damuna ba Cooperstown ba ne. Yaro mai shekara 16 da ke kare masu ƙwaya da zafi haka, ka zauna da shi cikin lumana ka ji me abokansa ke sha a wurin motsa jiki. Ka duba gwangwanayen garin ƙarin ƙarfi da ke ɗakinsa, ka kai wa likita ya karanta abin da ke jiki. Ka lura da cacar wasanni ta waya, ta yi yawa a can, ka kuma tambaye shi inda yake sallar La'asar ranar wasa. Musun nan kuma ku rage shi a gaban abinci.

Wallahu a'alam.