Dalilin da ya sa tsofaffin sojoji ke yi wa bindiga wanka da tafasasshen ruwa

Ɗana, bayan gaisuwa. Ka ce ka ji cewa sojojinmu da suka yi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu suna ɗura wa bindigoginsu tafasasshen ruwa bayan harbi, kana tambaya ko camfi ne irin na barikin soja. Ba camfi ba ne, umarni ne da aka koya musu, kuma yana da dalili mai ƙarfi.

Bindigar da suka riƙe ita ce Lee-Enfield ta Ingila. James Paris Lee ne ya ƙirƙiro sakatarta (ƙarfen da ake ja ya tura harsashi ya kulle shi) da gidan harsashinta, Enfield kuma garin da masana'antar gwamnati take. Ta fara fitowa a 1895. Samfurin da ya fi yaɗuwa ya zo a 1907, sannan wadda ake kira lamba 4 ta shiga hannun sojoji a 1941. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausawa suke da yawa, da irinta suka shiga dazukan Bama. Nauyinta wajen kilo 4 ne, tana cin harsashi 10 mai lamba .303, ana tura su biyar-biyar daga sama. Ana jan sakata da hannu bayan kowane harbi, amma tafiyarta gajeriya ce mai santsi, shi ya sa ake sa ran horarren soja ya yi harbi 15 a kan saiti cikin minti ɗaya.

To, ga inda ruwan ya shigo. A gindin kowane harsashi akwai 'yar hula wadda allurar bindiga ke bugawa ta kunna albarushi. Sinadarin da ake sawa a hular a wancan zamani, in ya ƙone, gishiri yake bari a cikin bututu. Gishirin nan yana jawo laima daga iska, laima kuwa ta haifar da tsatsa. A ƙasa mai damina irin Bama, kwana ɗaya ya isa cikin bututu ya yi ja. Mai ba ya narkar da gishiri, lulluɓe shi kawai yake yi, tsatsa ta ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashi har ta rarake layukan cikin bututu da ke juya harsashi. Ruwa ne kaɗai ke wanke shi.

Yadda ake yi: a tabbatar babu harsashi, a zare sakata da gidan harsashi, a juya bakin bindiga ƙasa. A sa mazurari mai lanƙwasasshen wuya ta baya, a zuba tafasasshen ruwa kamar lita 3. Dole ya zama tafasasshe, don ƙarfen ya ɗauki zafi ya busar da kansa. Daga nan a buɗe 'yar ƙofar da ke gindin ƙota, a nan kwalbar mai da igiyar gogewa suke zama. A ɗaura ƙyalle mai tsawon inci 4 da faɗin inci 2, a ja daga baya zuwa baki har ya fito fes, sannan a bi da wani mai ɗan mai. Kwanakin da suka biyo baya ma sai an riƙa sake gogewa, saboda ragowar dattin yana ci gaba da fitowa.

Wurin da masu gaggawa ke yin ɓarna shi ne jan igiyar. In aka ja ta a karkace tana goga gefen baki, a hankali sai ta ci ƙarfen, bindiga ta daina faɗa wa inda aka auna. Haka in ruwa ya zube ya shiga ƙarƙashin katako, tsatsa za ta kama inda ido ba ya gani, katakon ya kumbura ya danne bututu. Kuma kafin a sake harbi sai an goge man nan tas. Kwanson harsashi yana buƙatar ya kama bangon ramin da yake zama a gindin bututu lokacin fashewa, in akwai mai sai ya zame, ƙarfin ya koma kan sakata.

Sojojin Ingila sun fara sauya Lee-Enfield da bindiga mai sarrafa kanta a 1957, harsasan yanzu kuma galibi ba sa barin gishirin. Amma duk inda aka harba tsohon harsashi na wancan zamani, wankan nan yana nan a kan ƙa'idarsa. Ka gaishe mini da mutanen gida.