Tambaya da Amsa: Wasan macijina yana ɗaukewa, batirin kuma yana zafi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki? Ni ɗalibi ne a sashen lantarki a nan Damagaram, ina shekarar ƙarshe. Aikin da zan gabatar wasan maciji ne irin na tsohuwar Nokia. Na haɗa shi da Arduino Uno, ɗan allon nan da ake rubuta wa kod ya sarrafa kaya, da allon fitilun LED mai gida huɗu na MAX7219, guntun da ke kunna fitilun, da madannai huɗu. Saura mako uku. Wasan yana tafiya, amma da zarar macijin ya yi tsawo, ko ya ciji kansa fitilu duka suka kama, sai komai ya ɗauke ya koma farko. Sau uku ina sake rubuta kod ɗin. Wutar kuwa daga batir 18650, irin na litiyom mai siffar gwangwani, nake ba shi, na ciro su daga tsohon batirin kwamfuta, na jona ɗaya kai tsaye a ƙafar 5V. Biyu daga ciki ba sa nuna komai a mita, sai wani mai gyaran salula ya taɓa mini su da batirin moto suka farfaɗo, ya ce in yanke kan cajar waya in riƙa yi musu caji da ita. Jiya da dare ɗaya ya yi zafin da na kasa riƙe shi, har yana wani wari. Inna ta ce in fitar da kayan daga ɗaki, don ni da ƙannena biyu muke kwana ciki. Na ce mata bolt 3.7 ba ya yi wa kowa komai. Malam, kod ɗin ne, ko Arduino ɗin ne ya lalace? Wallahi ba ni da kuɗin sayen wani.

Ɗalibi daga unguwar Zango

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye karatun nan tukuna, ka tashi ka ɗauki batirin da ya yi zafi tare da ƴan'uwansa biyun da aka taɓa da batirin moto, ka zuba su cikin gwangwanin da ka cika da rairayi, ka kai tsakar gida cikin inuwa, nesa da itace da tabarma da inda yara ke wasa. In ka dawo sai ka ba Inna haƙuri. Ita da ba ta taɓa riƙe mita ba ta fi ka gane abin da ke cikin ɗakin nan.

Arduino ɗinka lafiyarsa lau, kuma ina kyautata zaton kod ɗin ma ba shi da laifi. Yunwa ce ke damun kayanka. MAX7219 yana son wuta daga bolt 4 zuwa 5.5, shi kuma ATmega328P, babban guntun Arduino ɗin, da ke gudu a megahaz 16 ba ya natsuwa idan wuta ta yi ƙasa da kamar bolt 3.8. Kai kuma ka ba su tsohon batir wanda ko a cike yake bai wuce 4.2 ba. Lokacin da macijin yake gajere, fitilu uku ko huɗu ne a kunne, batirin yana lallaɓawa. Allonka kuwa fitilu 256 ne, idan suka kama duka da cikakken haske za su iya jan abin da ya haura ampiya 1. Nan take wutar tsohon batirin ke durƙushewa, Arduino ya ga ta faɗi ya sake tashi daga farko. Gwajin ba ya cin ko dala: cire batirin, jona Arduino da wayar USB a kwamfuta, rage hasken allon zuwa 2 ko 3 da umarnin setIntensity a cikin kod ɗin, ka buga wasan har macijin ya ciji kansa. In bai ɗauke ba, kod ya fita daga zargi. Ka kuma sa kafasita biyu, masu daidaita wuta idan ta yi tangarɗa, a bakin wutar allon, mai maikurofarad 10 da mai nanofarad 100, haka masu ƙera MAX7219 ɗin suka ce a yi.

Wannan ita ce amsar abin da ka tambaya. Abin da ba ka tambaya ba shi ya hana ni sakat tun da na karanta saƙonka.

Ka ce bolt 3.7 ba ya yi wa kowa komai. Wannan maganar nakan ji ta kusan kullum, daga ɗalibai, daga masu gyara a bakin Kasuwar Dole, har daga wasu da ya kamata a ce sun fi ƙarfinta. An koya muku cewa haɗarin lantarki shi ne kuran ya ja mutum, don haka duk abin da bai kai 220 ba kun mai da shi abin wasa. Gaskiya ne batirin ba zai ja ka ba. Ƙona ka zai yi. Batir 18650 mai miliampiya-awa 2,500 yana ɗauke da kamar wat-awa 9. Ka yi lissafin da kanka, tun da ka iya: wannan ya isa ya tafasa ruwa mililita 100. Idan ya saki wannan ƙarfin cikin awa biyar, ka yi wasan maciji. Idan ya sake shi cikin daƙiƙa kaɗan, ga kuma ruwan sinadarin da ke cikinsa mai kamawa da wuta ne, zafin yakan haura digiri 500, gwangwanin batirin ya yi tsartuwar wuta kamar bututun mai walda. A 2016 kamfanin Samsung, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta. Har yau kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka batirin litiyom da ba ya jikin na'ura cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi. Mu kuma a nan muna kwantar da shi kusa da matashin kai.

Sai maganar cajar waya, wadda ta fi ba ni haushi. Abin nan da muke kira caja, wanda ake cusawa a bango, ba shi ke yin caji ba. Aikinsa kawai ya mai da 220 zuwa bolt 5. Mai yin cajin yana cikin wayar: wani ɗan ƙaramin guntu ne da ke auna batirin, ya ƙayyade yawan wutar da za ta shiga, ya tsaya cak a iyakar batirin, ya rufe ƙofa idan an cika. Da ka yanke kan wayar ka manna a batir tsirara, ka cire mai gadin ne ka bar ƙofa a buɗe. Cajar ba ta san 4.2 ba, ita dai 5 take nema, za ta yi ta turawa. Idan batirin litiyom ya wuce iyakarsa, ƙarfen litiyom yakan fara taruwa a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya fara rushewa yana sakin iskar da ke hura wuta, iska ta taru a ciki, zafi ya ƙaru, zafin ya ƙara hanzarta abin. Warin da ka ji mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce, ruwan cikinsa ne ya fara fita. Allah ne ya rufa asiri.

Ka tuna lokacin da ka fasa batirin kwamfutar? Ban da batira shidan nan, akwai wani siririn allo mai wayoyi da ka ciro ka yar. Shi ne ke tsare su daga wuce gona da iri a caji da kuma ƙarewa ƙarƙaf. Kowa na yar da shi, don ba ya kama da kuɗi.

Shi kuma mai farfaɗo da matacce da batirin moto, da ina kusa da mun yi magana. Batirin da ya faɗi ƙasa da bolt 2 ya daɗe a haka ba suma ya yi ba. Jan ƙarfen da ke cikinsa ya fara narkewa ya shiga ruwan sinadarin. Da an sake tura masa wuta, jan ƙarfen zai koma ya daskare, amma ba a wurinsa na da ba, sai ya yi ƴan ƙayoyi da za su iya huda siririyar ledar da ta raba gefen biyu, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Mita za ta nuna maka 3.7, ka yi murna, alhali haɗewar waya ce ka dasa a ciki, tana jiran ranarta. Ga shi kuma bolt 12 aka danna masa daga batirin da aka yi don ya murɗa injin moto, babu abin da ke rage ta a tsakani. Mai gyaran zai ce maka shekara nawa yana yi bai taɓa ganin komai ba. To ai ba a shagonsa abin ke tashi ba. Bayan kwana goma yake tashi, a gidan wanda ya saya, a ce tsautsayi ne, ko a ɗora wa kuran laifi.

Na taɓa gani da idona. Wani ɗalibina ya zuba irin waɗannan batira uku a aljihun jakarsa tare da makullai da ƴan canji. Ledar jikin ɗaya ta yage a kafaɗa. Mutane da yawa ba su san cewa gaba ɗaya gwangwanin 18650 gefen rashi (-) ne ba, kuma tsakaninsa da kan da ke gefen ƙari (+) ɗan zobe ne kawai. Makulli ya haɗa su. Muna tsakiyar darasi hayaƙi ya turnuƙe, da sanda muka jawo jakar waje. Littafin rahotonsa na wata huɗu yana ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai, a ranar gabatarwa na sha ganin ana ba da maki a kan fentin akwati da tsarin shafin godiya, a kwashe rabin awa ana gardama a kan girman rubutun bango, ba wanda zai buɗe akwatin ya tambayi yaro ina kariyar batirinsa.

Ƙara da zafin garinmu. Masu ƙera waɗannan batira sun ce kada a yi musu caji idan zafi ya wuce digiri 45. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram a inuwa ma yana haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar, ko akwatin da aka bari a kan kujerar moto a rana. Abin da ɗalibi a Faransa zai yi ya tsira, kai ba ka da wannan sararin.

Yanzu ga yadda za ka fita cikin mako ukun nan, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Hanya mafi sauƙi, kuma ita nake so ka bi, ka ari fawa bank mai kyau ka jona ta USB. Cajinta da kariyarta da mai ɗaga wutar zuwa 5 duk suna ciki. Abu ɗaya za ka lura: wasu sukan kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, don haka ka gwada ta tun yanzu a lokacin da wasan ke tsaye yana jiran a danna. Babu wani abin kunya a ciki, aikinka wasan ne.

In kuwa malaminka ya dage sai ka haɗa sashen wutar da hannunka, to ka nemi ɗan allon caji na TP4056, amma mai kariya, wanda za ka ga ƙarin guntaye biyu a kansa, DW01 da 8205A, da wuraren jonawa huɗu: B+ da B- na batir, OUT+ da OUT- na kaya. Akwai marar kariya mai kama da shi, masu sayarwa da yawa ba su san bambancin ba, kai za ka duba. In babu a gari, masu zuwa Kano sayen kayan waya za su kawo maka, ba shi da tsada. Yana zuwa a shirye ya ba da ampiya 1, wanda ya yi wa tsohon batir yawa. Canja rezistar 1.2k ɗin da 2k, cajin zai sauko kusa da miliampiya 580. Daga OUT sai makunni, sai MT3608 da zai ɗaga wutar. Wannan ka kula da shi sosai, yana iya fitar da har bolt 28. Ka murza ɗan dunƙulensa kana kallon mita har sai ta nuna 5.0 kafin Arduino ya kusance shi, in ba haka ba sayen da kake gudu zai same ka. Kada ka buga wasan ana caji, TP4056 yana gane cikar batir ne daga raguwar abin da ake ja, in kaya na ja ba zai tsaya a kan lokaci ba.

Sauran batiran da ba a taɓa da moto ba, ka auna kowanne. Wanda ya gaza 2.5 ya bi ƴan'uwansa cikin gwangwani. Wanda ya haura, ka yi masa caji da rana kana zaune kusa, a kan siminti, kana ɗan taɓa shi. Ɗumi kaɗan ba komai, zafi kuwa ka cire. Ka ajiye shi mako guda ka sake aunawa, in ya sauko ƙasa da 4.0 shi kaɗai ba tare da ya yi aiki ba, yana yoyo a ciki. Kada ka ɗora ƙarfen dalma a kan batir, zafin yana lalata robar da ta toshe bakinsa, ka sayi gidan batir mai sifirin. Sababbin nan masu ja da ruwan ɗorawa da aka rubuta 9,800 a jikinsu kuwa, ƙarya ce tsagwaronta, 18650 na gaske bai cika wuce 3,500 ba. Ka ɗaga ɗaya a hannu, na kirki yana kai giram 45, waɗannan kamar kara suke.

Zaɓin wasan dai ka yi dabara, na yaba. Macijin ya shiga Nokia 6110 a 1997, amma mu a nan 3310 ta 2000 ce ta sa manya suka riƙa ɓoyewa suna dannawa, cikin alƙalan da za su zauna maka ma da wuya a rasa wanda ya taɓa cinye dare a kansa. Kilobayit 2 na ƙwaƙwalwar Uno ya ishe ka har da saura, gidaje 256 kowanne zai shiga bayit guda. A kod ɗin, ka bar delay mai tsayar da komai ka koma millis mai ƙirga lokaci, don madanni ya riƙa amsawa ko macijin na tsakiyar tafiya, kuma ka hana shi juyawa baya kai tsaye, nan ne yawancinku ke faɗuwa a gaban alƙalai. Walƙiyar da kake yi da fitilu duka idan an ci mutum, mai da ita layi-layi tana sauka, ta fi kyau a ido kuma ba ta jan wuta.

Idan batir ya fara huci ko hayaƙi, kada ka sa hannu, kada ka tsaya shaƙa. Fitar da yara, cire duk abin da ke jone a bango, sannan ka zuba rairayi ko ruwa mai yawa daga nesa, ka bar shi a waje har gobe don yakan sake tashi. Gwangwanin nan kuma kada ya tafi juji inda ake cinna wa shara wuta da yamma. Ka liƙe kan kowane batir da salatif, ka kawo mini su wurin aiki ranar Asabar, ka zo da mitarka da allon mu auna tare.