Kada tambarin i7 ya cinye maka jari

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: yana so ya sari kwamfutoci na hannu ya riƙa sayarwa, dillali ya nuna masa iri uku, laftof mai i7-7500U, laftof mai i5-8250U, da ta tebur mai i5-4590. Mai i7 ce ta fi tsada. A kan wacce zai zuba kuɗinsa?

Alhaji, ka ɗauke ido daga i5 da i7 tukuna (sunayen furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), ka karanta lambar da ke bayansu. Lambar farko ita ce jenareshan, wato zubin da aka fitar da shi: 7500U na bakwai ne, 8250U na takwas, 4590 na huɗu. Harafin U kuwa alama ce ta furosesan da aka yi domin ya ci wuta kaɗan, wat 15 kacal, don batir ya daɗe.

Ga inda dillalai ke cin masu saye. I7-7500U, wanda Intel ya fitar a 2016, kawuna biyu (cores, sassan da ke raba aiki a tsakaninsu) ne ke aiki a cikinsa. I5-8250U na 2017 yana da huɗu. Saboda haka idan aka buɗe shirye-shirye da yawa lokaci guda, ƙaramin suna ne ke barin babban suna a baya. Kada gudun da aka rubuta ya ruɗe ka: na i7 ɗin yana farawa daga 2.7 GHz, na i5 daga 1.6, amma idan aiki ya yi nauyi na i5 yana hawa har 3.4, kuma da hannu huɗu yake aikin, ba biyu ba.

Akwai abin da ya fi wannan taɓa aljihunka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a hukumance Windows 11 ba ta karɓar kusan duk furosesan Intel da ke ƙasa da jenareshan na takwas. Mai saye da ya san abin da yake yi zai tambaye ka wannan kafin ya taya. Duk mai i7-7500U da ka sara, kaya ne da darajarsa ke zubewa tun yana cikin shago.

Ta tebur ɗin ba abin rainawa ba ce. I5-4590 na 2014 yana da kawuna huɗu, yana farawa daga 3.3 GHz, kuma ana iya cire shi a sa wani, saɓanin na laftof ɗin nan biyu da aka liƙe a jikin babban allon cikin na'urar (motherboard). Sai dai an yi shi ne a kan wat 84, babu batir, shi ma Windows 11 ba ta karɓe shi ba. Ka ɗauki kaɗan, idan kana da masu shagon buga takardu da suka riga suka nema.

Ni dai mafi yawan jarin a kan mai 8250U zan sa shi. Kuma kafin ka biya, ka kunna kowace ɗaya, ka buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna aikin kwamfutar, ka ga sunan furosesan da idonka, domin tambarin da ke manne kusa da madannai ana ɓare shi a canza. Ka duba ko SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) ce a ciki, da kuma ko RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) ɗin ya kai giga 8. Wadda ba ta kai ba, ka cire kuɗin ƙarin daga abin da za ka taya.