Amsa: Koya wa yara yadda mabiya Buddha ke fuskantar wahala

Malama, kin tambaya ta ina za ki fara fahimtar da 'yan ajinki wannan darasi. Ni dai a ganina kada ki fara da Gaskiya Huɗu (wato wahala, sanadinta, ƙarewarta da hanyar kawar da ita) da Buddha, wanda ya kafa addinin, ya karantar a Sarnath ta Indiya, haddacewa kawai za su yi.

Fara da labarin Kisa Gotami, wata mata ta zamanin Buddha. Ɗanta ya rasu, ta rungumi gawar tana yawon neman magani. Buddha ya ce ta kawo ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa yin rashi ba. Ta bi gida-gida. Mastad kam akwai, amma kowane gida sai a ce mata an yi mutuwa. Nan ta gane ba ita kaɗai ba ce, ta haƙura. Ki tambayi yaran: me ya sa bai ce mata kawai "yi haƙuri" ba? Ki bar su su yi muhawara.

Bayan nan sai ki kawo koyarwarsa cewa komai mai gushewa ne, kuma manne wa abu ke ƙara zafin rashinsa.

Don Allah ki fara bincika ko akwai yaron da ya yi rashi kwanan nan, ki sanar da iyayensa kafin ranar darasin.