Hukuncin Sanya Ƙananan Kaya Zuwa Ofis

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu aiki a wani kamfani a Abuja. Dokarsu ita ce daga Litinin zuwa Alhamis a sa shat da wando a yi zanzaro, ranar Juma'a kuma manyan kaya. Yayana ya ce wannan koyi da kafirai ne, har sallata a ciki ba ta yi ba. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a aikin, ɗana. Sa kayanka, sallarka ta yi.

Tufafi yana babin al'ada ne, asalinsa halal har sai dalili ya hana. Hadisin da yayanka yake nufi na Ibnu Umar ne a wajen Abu Dawuda, cewa wanda ya kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu. Amma malamai sun fassara shi da abin da ya keɓanta da su, wanda da ganinsa za a ce wane ba Musulmi ba ne, kamar gicciye ko rigar limamin coci. Shat da wando kuwa yau Musulmin Turkiyya da Masar da Indonesiya suna sawa, ba alamar addinin kowa ba ne. Kuma Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya sa jabba 'yar Sham mai matsattsen hannu, har sai da ya fito da hannayensa ta ƙasanta ya yi alwala. A lokacin Sham tana hannun Rumawa, waɗanda ba Musulmi ba ne.

Inda nake so ka kula shi ne ɗinki. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, kuma Malikiyya sun karhanta tufafin da ke fitar da siffarta. Wandon da ya ɗame cinya, bar shi a kasuwa. Na sha ganin matasa a sahu, da sun yi sujada rigar ta zame, ƙugu ya buɗe, abin yana damuna ƙwarai. Sayi shat mai tsawo, ko ka warware zanzaron kafin ka tayar da kabbara. Ƙafar wandon kada ta wuce idon sawu. Tela zai rage maka ita cikin mintuna.

Siliki na asali da zinare haramun ne ga maza, don haka duba agogonka, da nektai ɗinka in ana sawa.

Yayanka kishin addini ne ya sa shi magana, ka kai masa wannan bayani cikin ladabi. Wallahu a'alam.