Ƙararrawar sito marar waya: yau ta yi kuka, gobe shiru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da sito na riɗi da dawa a Gadarif da ke gabashin Sudan, tsakaninsa da gidana bai kai mita 200 ba. Na sayi ƙararrawa marar waya: ƙaramar na'ura mai batir da ake maƙalawa a ƙofa, da babba da ke gida wadda ke kuka idan an buɗe. A jikin kwali an rubuta mita 300. A shago ta yi aiki lafiya lau, amma da na kafa sai ta zama yau ta yi kuka gobe shiru, batirin kuma ko wata biyu bai yi ba ya mutu. Ko jabu aka sayar mini? Daga mai sito, Gadarif.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Da wuya a ce jabu ce. Mita 300 ɗin nan a fili fetal aka auna shi, inda babu bango babu ƙarfe. Yawancin irin waɗannan na'urori suna aika saƙonsu ne a zangon rediyo na 433 MHz da ƙarfi ɗan kaɗan, kuma babban abokin gabansu ƙarfe ne. Ina kyautata zaton ƙofar sitonka ta ƙarfe ce, rufin kuma kwano. In ka manna na'urar a jikin ƙarfe daga ciki, ka tare mata hanya tun saƙon bai fita ba. Tarin buhuna ma na shanye saƙo, haka bangon ƙasa idan damina ta jiƙa shi, kuma ka fi ni sanin ruwan Gadarif daga Yuni zuwa Satumba.

Gyaran ba tsada. Ka sa ɗan katako mai kaurin santimita 2 zuwa 3 tsakanin na'urar da ƙarfen. Abin da ya fi wannan shi ne ka nemi irin wadda ke da wurin ɗaura waya: maganaɗisun da makunninsa, wato masu gane an buɗe sito, su zauna a ƙofa, ka ja siririyar waya zuwa na'urar aikawar, ka kafa ta a sama ta waje, ƙarƙashin inuwar rufi, a gefen da ke kallon gidanka. Tsayi ya fi komai amfani a nan. Idan tana da eriya ta waya, kada a naɗe ta, kada a yanke. Tsawonta wajen santimita 17 ne kuma da gangan aka yi ta haka. A miƙe ta tsaye, ta gida ma a tsaye, kusa da taga. Tazarar maganaɗisu da makunni kada ta wuce santimita 1, domin ƙofar ƙarfe na rage masa ƙarfi. Kafin ka huda bango, ka sa yaro ya zauna a gida da waya a kunne, kai kana buɗe ƙofa kana sauya wuri har ku sami inda ba ta fashi. Sannan ka ɗaure da sukurori, don gam ɗin da ke zuwa a kwali ba ya jure zafin Afrilu.

Batun batir kuwa, duba wane iri take ci. Idan ɗan ƙaramin nan ne 23A mai bolt 12, abin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma duk sanda iska ta girgiza ƙofa mai lako-lako na'urar na iya aika saƙo, batir yana tafiya a banza. A matse ƙofar tukuna. Zafin ƙarƙashin kwano shi ma yana cinye batir ko ba a taɓa shi ba. In za ka sake saye, ɗauki mai cin AA, ka sa mata na lithium in ka samu, sun fi jure zafi kuma ba su cika yoyo ba. Masu arha da aka rubuta wa Heavy Duty a bar wa tocila. Kada a haɗa tsoho da sabo. In ka ga farin gari a bakin ƙarfen batir alkaline, yoyo ne. Goge da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai.

Ga abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba. Masu arhar nan ba sa magana sai an buɗe ƙofa. Ranar da batir ya mutu, ta gida za ta yi tsit, kai kuma ka ɗauka lafiya ce. Masu tsada suna aika ɗan saƙon "ina nan" lokaci-lokaci, ta gida ta yi ƙorafi in ya yanke. Tunda taka ba ta da wannan, kai ne za ka yi mata: ware rana guda a mako, ko Juma'a bayan an sauko, a buɗe ƙofa a ji kukan da kunne. Rubuta ranar da ka sa batir a jikin murfin, ka sauya kafin kaka, lokacin da sito ke cike. Bayan guguwar habub a buɗe a kakkaɓe ƙura. Ta gida kuma, yadda wuta ta zama ba tabbas tun ɓarkewar yaƙi a 2023, kada ka dogara da soket. Karanta bayanta: in bolt 12 take ci, batirin sola zai riƙe ta, in bolt 5 ce, abin cajin waya na tafi-da-gidanka ya isa, sai dai wasunsu na kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, don haka a gwada dare guda.

Tambaya: Malam, ni ƙararrawa mai gano motsi na kafa a garken awaki a Kasala, nan Sudan. Da dare tana aiki, da rana mutum zai wuce ba ta ce uffan ba. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, lafiyarta ƙalau. Bambancin ɗumin jiki da na wuri take gani, jikin mutum kuwa digiri 37 ne. Idan rana ta kai 40, bango da ƙasa sun yi zafi kamar jikin, sai ta rasa abin bambantawa. Mayar da ita inuwa, a tsayin mita 2 ko ɗan fiye, a juya ta yadda mai shigowa zai gitta ta gabanta, kada ya nufo ta kai tsaye. Don tsaron rana ki ƙara ta maganaɗisu a ƙofar garken, ita zafi bai hana ta aiki.